Matar da Aka Yi Hayar Hannunta

Duk macen da ta kai shekaruna a Lahore ta taɓa yi wa hannun Fazilat kuka, ko da ba ta san sunan mai hannun ba. Ni na san sunan, na kuma san hannun, don ni nake sa masa lalle. Ni ce Barkate matar wanzami, ta lungun masu keken doki a cikin Ƙofar Bhati. Ba a biki ba a suna a lungun nan sai da ni, saboda haka kada wani ya ce min ji na yi. Da idona na gani.

Daga wani ƙauye wajen Kasur aka kawo Fazilat amarya gidan Miraj Din mai keken doki. Ba kyakkyawa ba ce, ba zan yi wa mamaciya ƙarya ba. Ga zanen agana a kumatu, ga haƙoran gaba sun ɗan leƙo. Amma hannu! Yatsu zara-zara, farce kamar an goge, fatar sumul. Ranar da na fara sa mata lalle sai da na ce, “Ke 'yar nan, a ina kika sato waɗannan?” Ta yi dariya ta ɓoye su a cikin mayafi.

A lokacin masu fim sun haukace da labaran sarakunan da. Kowa so yake ya gina fada da katako da takarda mai ƙyalli, ya sa ɗan sarki ya so 'yar talaka, uban ya ce sam, a yi ta zuba baitoci da Urdu mai nauyi wadda mu 'yan Punjabi sai dai mu gyaɗa kai, a ƙarshe a hallaka yarinyar, mu fito silima muna fyace hanci. Wani darakta da ake kira Mirza Sahib shi ma ya ɗauko nasa, labarin yarima da 'yar mai saƙa furanni. Jarumarsa Dilafroz fuska sai wanda ya gani, amma yatsunta gajeru ne dunƙul-dunƙul, ga cin farce. Yarinyar da sana'arta saƙa fure kuwa dole a nuna hannunta. Mirza Sahib ya baza mutane neman hannu.

Miraj Din ya ji zancen a bakin wasu ma'aikatan fim da ya ɗauko a kekensa. Ko gida bai iso ba ya riga ya sayar da abin da ba nasa ba.

“Ni? Gidan 'yan fim?” in ji Fazilat. “Gara ka mai da ni ƙauyenmu.”

“Wa ya ce za a ga fuskarki?” ya ce. “Kunya ai a fuska take. Hannu kuwa har mai kayan miya yana gani kullum in kina miƙa masa kwando. Ki sa burƙarki ki rufe har ido, Barkate ta raka ki. Ina abin magana a nan?”

Haka muka je. Suka rataya baƙin labule mai huda biyu, ta zauna a baya cikin burƙa, ta zuro hannuwa. Mirza Sahib ya zo da sandarsa mai kan azurfa, ya juya tafin da bakin sandar, ya sake juyawa, kamar mai taya kifi. Bai tambayi sunanta ba, ranar nan ko bayanta. Duk shekarun da aka yi, in yana nemanta sai ya daka tsawa, “A kawo Hannu!”

Lokacin nan 'yarta Kausar jaririya ce, ko zama ba ta fara ba. Wata rana tana shan nono ta yakushi uwar a bayan hannu, ɗan siririn karce irin wanda kowace uwa ke yawo da shi ba ta ma sani ba. Da aka kunna manyan fitilu sai ga shi ya fito raɗau. Mirza Sahib ya yi jifa da sanda, ya sallami kowa, ya kira Miraj Din ya wanke shi tas a gaban masu shara. Ya kafa doka: ba wanki, ba wanke-wanke, ba kwaɓa gurasa, ba zuwa kusa da wuta, ba ɗaukar yarinya. “Hannun nan nawa ne har a gama fim,” ya ce. “Ajiya na ba ka.”

Miraj Din ya ce to, ranka ya daɗe. Washegari ya je ya ɗauko yayarsa Sardaran, wadda mijinta ya rasu ba ta taɓa haihuwa ba, ya danƙa mata gida da jaririya. Sardaran doguwa ce busasshiya, ba ta dariya sai in wani ya faɗi. Amma yarinyar kam ta so ta, wannan ba zan hana mata ba. Irin son nan ne na wanda ya tsinci abu ya rantse ba zai mayar ba.

Kowace safiya ni ke zuwa in shafe hannun da maiƙon madara da ruwan wardi, in naɗe da farin yadi mai laushi. Fazilat ta zauna bakin gadon igiya da ƙunshi biyu a cinya, tana kallon wata tana yi wa 'yarta wanka. In lokacin nono ya yi, Sardaran ce ke riƙe yarinyar ta kara ta a ƙirjin uwar, tana tsaye a kanta. Da ta ga yarinyar ta fara lumshe ido tana wasa da wuyan rigar uwar, sai ta fizge ta. “Ya isa, Bhabi, ta ƙoshi.” Ba a daɗe ba ma ta yaye ta, wai nonon mai zaman banza ba shi da albarka.

Ni da Fazilat mun ɗauka abin na 'yan watanni ne. Ina! Irin waɗannan finafinan ba sa ƙarewa. Yau an ce mai zuba jari ya gudu, gobe ruwan sama ya narkar da fadar takarda, jibi jarumi ya yi fushi ya tafi Karachi. Ko an dakatar da aiki doka tana nan, don ba a san ranar da za a ce a kawo Hannu ba. Miraj Din ya ƙara doki na biyu, ya sa wa keken sabuwar rumfa, ya fara shafa wa gashin bakinsa mai. Kausar ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ta yi baki. Sardaran take kira Ammi, wato Mama. Uwarta kuwa Bhabi take ce mata, kamar yadda ta ji ana faɗa, wato matar ɗan'uwa, matar wani a gidan. Abu na farko da aka koya mata a duniya shi ne, kul, ba a taɓa hannun Bhabi.

Shekarar da ƙyanda ta shigo lungunmu ta kama Kausar da ƙarfi. Ina gidan da hantsi, Sardaran ta fita neman magani, yarinya tana kwance jiki kamar garwashi tana kiran ruwa. Fazilat ta sa haƙori ta kwance ƙunshin nan, ta ɗauke ta, ta shiga shafa mata ruwa a goshi da wuya tana sambatu irin na iyaye. Ban hana ta ba, wa zai hana? Sai ga Miraj Din ya shigo cin abinci da bulalar doki a hannu. Ya tsaya ya dubi yadin a ƙasa.

“In ƙurajen nan suka kama hannun fa? Me zan ce wa Mirza Sahib?”

Ya sa ta ajiye yarinyar. Ya ɗaga bulala, sai kuma ya dakata, don ta kare kanta da hannu kamar yadda kowa zai yi.

“Ɗaga su sama,” ya ce. “Sama sosai, kar bulala ta same su.”

Wallahi ta ɗaga. Ya yi ta tsula mata a baya da ƙafafu, ita kuma hannuwa a sama tana kare masa su. Na zage shi, na zagi dokinsa, na ce Allah ya isa, ya ce in fita masa daga gida ko ni ma in samu rabona. Mugu ɗan mugu, da ya gama sai da ya duba yatsun ɗaya bayan ɗaya kafin ya zauna ya ci gurasarsa.

A wurin aiki kuma wani wulaƙancin ne daban. Jarumin fim ya durƙusa gaban labule ya kara kumatunsa, a ce Hannu su shafa. Fazilat tana bayan labule tana karanto duk addu'ar da ta sani, gumi yana zuba cikin burƙa. Mirza Sahib yana ihu da Urdunsa, ni ina fassara mata da harshen gida. Haka aka yi ta lallaɓawa har aka zo wurin rabuwa, inda dogaran sarki za su ja yarima su tafi da shi, yarinyar ta miƙa hannu ta cikin tagar kurkuku. An ɗauka, an sake, an sake, bai yi masa ba.

“Wannan ai hannun mai karɓar canji ne!” ya ce. “Masoyi aka raba ku da shi! Hannu, ba ku taɓa son komai ba ne a duniya?”

Miraj Din yana gefe yana neman gindin zama. Ya matso yana sosa ƙeya ya ce, “Ranka ya daɗe, akwai abin da take so.”

Kashegari ya zo da Kausar a kafaɗa, an yi mata kitso da jan ƙyalle. Suka tsayar da ita inda kyamara ba ta gani, dab da labulen, amma inda yatsa ba zai kai ba. Aka kunna fitilu. Yarinya ta ga haske, ta ga ƙattai da takubban katako, ta ga wasu hannuwa jajaye da lalle sun fito daga baƙin ƙyalle ba jiki ba kai. Ta tsala ihu. Fazilat ta ji muryar 'yarta. Ba sai na gaya muku abin da hannun ya yi ba, kun gani a silima. Ya miƙe har jijiyoyi suka tashi, yatsu suna kama iska, awarwaro suna karo. Mirza Sahib yana yi wa wani yaronsa alama da sanda, a ƙara ja da yarinyar baya kaɗan, a ƙara kaɗan. Kausar tana ihu tana kiran Ammi, ba kuwa mai hannun take nufi ba. Da ya ce ya isa, har da hawaye a idonsa, tsohon banza. Aka ba yarinyar alawa. Daga ranar in Fazilat ta miƙo hannu, ko da ƙunshi ko babu, Kausar sai ta ruga bayan Sardaran.

Fim ya fito Kausar ta riga ta shiga makaranta. Lahore ta ɗauka. A nunin mata na bayan azahar sai ka ji silima ta kaure da kuka in an zo wurin tagar nan. Ana ta cewa kai, Dilafroz ko da yatsa tana iya magana. Da Miraj Din ya yi shiru da ba wanda zai sani. Amma ina, bakinsa ba ya riƙe ruwa. A tashar keken doki ya bugi ƙirji ya ce hannun matarsa ne. Abokan sana'arsa suka dubi juna.

“Au, wanda ya shafa kumatun jarumi?”

“Miraj, kai ma ana shafa maka haka in ka koma gida, ko sai mai rawanin sarauta?”

“Ni sau biyu na shiga don wurin nan kawai. Ka gaishe min da Bhabi!”

In ya wuce da kekensa sai samarin lungu su shafa kumatunsu suna lumshe ido. Mutumin da ya ce kunya a fuska take, sai ga shi ya dawo gida fuska a murtuke yana cewa Fazilat ta zubar masa da mutunci a gaban duk garin. Ya rantse ba zai ƙara cin gurasar da wannan hannun ya taɓa ba. Sardaran ta ce ai gaskiya ne, hannun da ya shafa namijin da ba muharrami ba bai kamata ya shiga abinci ba, balle kan yarinya. Aka kwance ƙunshi, aka ba ta toka da tukwane, da wankin bargon doki, da kwasar kashinsa. A da an ce wa Kausar kar ta taɓa don hannun na da tsada. Yanzu aka ce kar ta bari ya taɓa ta don ƙazami ne. A makaranta kuma yara suna kiranta 'yar Hannu.

Haka Fazilat ta tsufa a gidan, a bakin rariya. Hannun ya faffashe, farcen ya yi baƙi. Ba ta koma ƙauye ba ko da 'yan uwanta suka zo ɗaukarta, ta ce ba za ta bar inda take ganin 'yarta ba. Ganin ne kawai kuwa. Tana kallonta ta yi tsawo, ta fara sa mayafi, tana kallon Sardaran tana taje mata kai a rana.

Abu ɗaya ta riƙe. Ranar da aka sa wa Kausar rana da ɗan wani mai shagon yadi, ta same ni a soro ta kama gefen zanena.

“Barkate, ranar lalle fa? Ai mata bakwai masu miji a raye ke sa wa amarya, ko ba haka ba?”

Na ce haka ne.

“Kuma uwa ce ta farko.”

“Uwa ce ta farko.”

“Yaya Sardaran kuwa mijinta ya mutu.”

Na dube ta, sai na ga tana murmushi, abin da na manta tana yi. Gaskiyarta. Matar da mijinta ya rasu ko kusa da tiren lalle ba ta zuwa, kowa ya san hannunta na ja wa amarya takaba. Wannan karon al'ada tana bayan Fazilat, ko Miraj Din bai isa ya ce uffan ba. Ta roƙe ni in kawo mata maiƙon madara a ɓoye. Makonni tana shafawa tana goge kaushin da dutse, wai kar ta karce wa yarinyar tafi.

Ranar lalle da la'asar tsakar gida ta cika. An zaunar da Kausar a kan 'yar kujera cikin rawayen kaya, kai a sunkuye, tafin dama a buɗe da ganye a kai, inda kowace mace za ta ɗora nata lallen. 'Yan mata suna kaɗa ganga. Dangin ango suka shigo da tirensu da waƙoƙinsu na zolaya. Ni ke jan ragamar biki, na ɗaga murya na ce uwar amarya ta fito.

Fazilat ta fito cikin koren kaya, tana tafiya a hankali. Sai wata goggon ango, wata ƙatuwa mai haƙorin zinariya, ta tafa hannu.

“Laa! Ita ce? Ita ce Hannu? Ku zo ku gani, jama'a! Ni da na yi kuka har mayafina ya jiƙe!”

Suka yanyame ta. Wannan ta ja yatsa, waccan ta juya tafi. Mai haƙorin zinariya ta kama hannun ta shafa a kumatunta tana lumshe ido tana cewa wayyo yarimana. Wata ta ce a yi mana na taga, a yi mana na taga! Gida ya kwashe da dariya, har masu ganga suka canza kiɗa. Na ga wuyan Kausar ya yi ja har kunne. Na kutsa na ture su, na ce to ya isa, ba silima kuka zo ba, ku ba uwa hanya.

Fazilat ta durƙusa gaban 'yarta. Ta sa yatsa a tire ta ɗebo lalle. Ta kai shi saitin ganyen, ta ce a hankali, “Kawo, 'yata.”

Kausar ta dunƙule hannu, ganyen ya murƙushe a ciki.

Na sunkuya na raɗa mata, “Ke, buɗe mana, mutane na kallo.”

“Ba da wannan hannun ba,” ta ce. Ba ta ɗaga kai ba, amma na kusa duk sun ji. “Ammi ta zo ta sa min.”

Ganga ta tsaya. Wata tsohuwa ta ce subhanallahi, yarinya, kin san abin da kike faɗa? Sardaran fa takaba ta yi. Ita kanta uwar ango sai da ta miƙe tsaye, don maganar ran ɗanta ake yi.

“Na sani,” in ji Kausar. “Na ji na gani. Ko me zai same ni ya same ni.”

Na ce wallahi ba a bikin da nake ja ba, na ajiye tiren a ƙasa na koma gefe. Ba wanda ya kula ni. Sardaran ta taso daga bakin ƙofar ɗaki inda masu takaba ke zama, cikin fararen kayanta, mata suna darewa suna janye zannuwansu. Ta tsaya a kan Fazilat, wadda har yanzu tana durƙushe da lalle a yatsa.

“Matsa, Bhabi,” ta ce.

Fazilat ba ta matsa ba, ina jin ba ta ma ji ba. Ita dai tana kallon dunƙulallen hannun nan. Sardaran ta duba tire a ƙasa, ta ga nisa, sai ta zaro cokali daga kwanon alawa, ta kankare lallen daga yatsan Fazilat ba tare da ta taɓa ta ba. Kausar ta buɗe hannu.